Yaron da Ke Rakuɓewa Lokacin Tara

A yawancin makarantunmu na firamare, idan malami zai fita daga aji sai ya miƙa wa monita alli ya ce ya rubuta sunayen masu surutu. In ya dawo, waɗanda sunansu ya hau allo su sha bulala ko su tafi shara. Tsarin ya daɗe, kuma yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: idon malami ya saba da neman mai hayaniya, har ya zama yaron da zai yi zango guda bai ce uffan ba shi ne ake ganin lafiyarsa ƙalau. Ƙarshen zango a rubuta masa a katin sakamako cewa yana da natsuwa, iyaye su ji daɗi, a wuce wurin. Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta ce malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Kano ko Katsina ko Bauchi ya san aji mai ninki biyu ko uku na wannan adadi ba abin mamaki ba ne. A irin wannan cunkoso, malami godiya yake yi wa duk yaron da ya rage masa aiki.

Natsuwa a aji kuwa ba ta faɗin yadda yaro yake zaune da 'yan uwansa. Mai son sanin gaskiya sai ya fita fili lokacin tara. Can zai ga yarinya tsaye nesa kaɗan da masu carafke, tana kallo tana murza bakin hijabinta, har a koma aji ba ta matsa ba kuma ba ta tafi ba. Can zai ga yaron da ke cin ƙosansa a bayan aji, da wanda ya fake da gadin jakunkuna don kada ya fita. Irin waɗannan yara nake nufi, kuma abin tambaya shi ne me malami da iyaye za su iya yi musu a makarantar da muke da ita, mai benci ɗaya ga mutum biyar.

Da an ɗaga wannan magana sai wani ya ce ai kunya ce, kuma kunya ado ce ga ɗan Bahaushe. Babu musu. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, da ya zo lissafa halaye goma na mutumin kirki a idon Bahaushe cikin ɗan littafinsa na 1974, ya sa kunya tare da haƙuri da ladabi da amana. Addini ma ya sa ta cikin rassan imani. Amma a duba wa ake jin kunya a al'adarmu. Yaro yana sunkuyar da kai gaban mahaifinsa da malaminsa, amarya tana jin nauyin surukanta, uwa tana kawaici ga ɗan farinta. Babu inda tarbiyyar Bahaushe ta ce yaro ya ji kunyar sa'o'insa. Tsakanin tsara wasa ake so da tsokana da kokawa, har akwai wasan da al'ada ta ɗora wa mutum, kamar na taubasai. Yarinyar da ke durƙusawa ta gaida baƙo muryarta can ƙasa, ita ce in an fita dandali take ba da waƙar gaɗa. Saboda haka yaron da ya kasa buɗe baki cikin tsaransa wani abu ne dabam yake damunsa, kuma lulluɓe abin da sunan tarbiyya hanya ce ta sauke nauyi daga wuyanmu. Ko a wajen neman ilimi, an ruwaito Nana A'isha tana yabon matan Ansar domin kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shige musu duhu a addini ba.

Sai a fara da gane wane irin shiru ne, domin ba duka suka zama ɗaya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe Jens Asendorpf ya kawo wani bayani a 1990 wanda masu bincike irin su Kenneth Rubin na Jami'ar Maryland da Robert Coplan na Jami'ar Carleton a Kanada suka ci gaba da aiki da shi. Ya ce abu biyu ne ke ja-in-ja a zuciyar yaro in ya hango tsaransa: son ya je, da son ya kauce. Yarinyar da ke tsaye kusa da masu carafke duka biyun sun yi mata yawa, tana so tana tsoro, shi ya sa ƙafarta ta kafe. Akwai kuma yaron da taro bai dame shi ba kuma ba ya tsoronsa: yana can yana ƙera motar kara, in an kira shi ƙwallo ya zo ya buga, in an tashi ya koma kan abinsa. Wannan a ƙyale shi. Ba kowa aka halitta da son hayaniya ba, kuma matsa masa da ake yi ya fi kaɗaicinsa cutar da shi. Sai wanda ya daina so gaba ɗaya, gudu kawai yake yi, da ya ga yara sun nufo shi ya canja hanya. Shi ya fi tayar da hankali, don sau da yawa wani abu ne ya same shi. Rubin ya jawo hankali ga wani yaro da bai kamata a haɗa da waɗannan ba, wato wanda bai janye kansa ba, yara ne suka ware shi. Daga nesa duk kama ɗaya suke yi. Sai an yi kwanaki ana duba fuska da inda ido yake kallo kafin a rarrabe.

Wani ɓangare na wannan hali, da shi ake haihuwar yaro, kuma uwayenmu sun riga masana sani: tun a goye ake cewa wannan yana da ƙiwa, wancan kowa nasa ne. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya fara bibiyar jarirai kusan 500 a 1989, tun suna da wata huɗu. Ya riƙa nuna musu abubuwan da ba su saba gani ba, yana sa musu muryoyin da ba su sani ba. Kusan ɗaya cikin biyar sai su banƙare, su yi ta harba ƙafa suna kuka. Da suka tasa, cikin waɗannan aka fi samun masu ɗari-ɗari da baƙo. Sai dai yawancinsu ba su tashi da matsanancin tsoro ba. Abin da ya yi wuya shi ne a samu wanda ya rikiɗe ya zama uban surutu. Uban da ya dage sai ɗansa mai sanyin hali ya koma kamar yayansa mai baki zai wahala, ya kuma wahalar da yaron. Abin nema bai kai haka ba: ya iya neman aron fensir, ya iya cewa "ni ma zan yi," ya iya cewa "bari" in an taɓa shi.

Me ke sa wani ya warware, wani ya ƙara nutsewa? Rubin da abokan aikinsa sun bibiyi yara daga shekara biyu zuwa huɗu, suka wallafa sakamakon a 2002. Masu ɗari-ɗari a shekara biyu sun ci gaba da rakuɓewa cikin tsaransu a shekara huɗu musamman idan uwa mai yi wa yaro komai ce tana tare masa kowace hanya, ko kuwa mai yi masa gori da ba'a ce. Duka biyun muna da su, wani lokaci a bakin mutum ɗaya. Baƙuwa ta ce, "'Yan mata, ya sunanki?" Kafin yarinya ta haɗiye yawu uwa ta amsa, ta ƙara da cewa, "Ƙyale ta, Hajiya, haka take, ba ta magana." Da baƙuwa ta fita sai a juyo: "Ke dai an yi sakarya, ana yi miki magana kin ƙura wa mutane ido." A wuni ɗaya an gaya wa yarinya ba za ta iya ba, an kuma gaya mata laifinta ne.

Kafin a ɗora komai kan hali, akwai abubuwan da sai an bincika, kuma a ƙasarmu suna da yawa. Kunne ne kan gaba. Muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, wanda ya tashi daga Senegal har Habasha, kuma sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da mugunya duk suna iya rage ji. Yaron da ke jin rabin magana ba zai iya bin hirar yara shida masu magana lokaci guda ba. In ya sha dariya sau biyu saboda ya amsa abin da ba a tambaya ba, sai ya koyi yin shiru. Haka mai in'ina, wanda kwaikwayon da yaro ɗaya ya yi masa ya isa ya rufe masa baki shekara guda. Haka ɗan Fulanin da ya zo daga ruga, da yaron da Hausar garinsu ta bambanta har ake maimaita kalmominsa ana shewa, ballantana makarantun kuɗi da ke hukunta duk wanda aka kama yana Hausa, inda mai ƙarancin Turanci ba shi da mafita sai ya ja bakinsa. Mai sikila yana kwana goma a gida, ya dawo ya tarar an sake abokai. Talauci ma yana rufe baki: yarinyar da ba a ba ta ko sisi ba ba za ta tsaya inda ake sayen awara ana gutsura wa juna ba, kuma wanda wandonsa ya yage ta baya jikin bango zai manne. Ga kuma yaran da rikici ya koro daga ƙauyukan Borno da Zamfara da Katsina, waɗanda idonsu ya ga abin da babba ma ba zai iya faɗa ba. Kowanne maganinsa dabam, wani ma allura da zare ne.

Yaron da tun asali mai sanyi ne kuma ba ɗaya yake da wanda jiya yake tsalle yau ya yi tsit ba. Canjin farat ɗaya yana nufin wani abu ya faru: cin zali, rasuwa, rabuwar iyaye, ko wani babba yana yi masa abin da ya kasa faɗa. Wannan ya wuce maganar nemo masa aboki. Wanda yaron ya yarda da shi ya keɓe da shi ya tambaya, kuma a gaskata abin da ya ce.

Dattijo zai iya cewa a zamaninsu ba a san wannan dogon turanci ba, kuma an girma lafiya. Yana da hujja, domin a da unguwa ce ke yin aikin. Enid Schildkrout, Ba'amurkiyar da ta yi bincike kan yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara suka zama ƙafafun matan kulle: su ake aika kasuwa, su ke kai saƙo da kwanon abinci gida-gida, su ke shiga inda babban namiji ba ya shiga. Ba yabon talla nake yi ba, illarta ga karatun 'ya mace sananniya ce. Amma yaron da ake yawan aika dole ya yi sallama, ya gaisa, ya faɗi saƙo, ya karɓo canji, da dare kuma ga dandali. Ɗan birni na yau, musamman na gida mai get, daga mota sai aji, daga aji sai Islamiyya, daga nan sai waya. Makaranta ce kusan kaɗai ta rage masa wurin koyon zama da tsara, alhali duniyar da zai shiga tana ƙara neman mai baki. An ga wannan sauyi ƙarara a ƙasar Sin. Xinyin Chen da abokan aikinsa sun yi nazarin 'yan firamare a Shanghai a 1990 da 1998 da 2002. A 1990 yaro mai kunya yana da karɓuwa wurin 'yan uwansa da malamai, har shugabanci ake ba shi. Zuwa 2002, bayan tattalin arzikin ƙasar ya koma na gasa, irin wannan yaro ne ake warewa, kuma ya fi fama da damuwa. Shekara 12 kacal. Ban ga abin da zai hana biranenmu bin wannan hanya ba, in ma ba su riga sun kama ta ba.

Abin da ya fi ƙarfi a wurina cikin duk dabarun da ake kawowa shi ne aboki ɗaya. Ba sai yaro ya zama na kowa ba. Binciken da Ernest Hodges da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, kan yaran aji huɗu da biyar a Kanada, ya nuna cewa yaron da ake cin zalinsa, in yana da amini guda, damuwarsa ba ta ƙaruwa yadda ta wanda ba shi da kowa take ƙaruwa. Malami kuwa yana da iko a kan wannan fiye da yadda yake zato, domin shi ke cewa wa zai zauna kusa da wa, kuma yara sukan ƙulla abota da wanda suke goga kafaɗa da shi kullum. Inda ake kuskure shi ne a haɗa mai shiru da wanda ya fi kowa baki a aji, wai ya koya masa. Sai mai bakin ya cinye filin duka. Wanda ake nema yaro ne mai sauƙin kai, wanda 'yan aji ba sa rainawa, yana magana kuma yana saurare. In unguwarsu ɗaya har suna tafiya gida tare, abin ya zo da sauƙi. Kuma a yi shi shiru. Da malama ta ce, "Wance, daga yau ki riƙa kula wance, ba ta da ƙawa," ta mayar da yarinyar abar tausayi gaban kowa, kuma yara ba sa abota da abin tausayi.

Akwai wata dabara da ta dace da mu fiye da ƙasar da aka gwada ta. A 1979 Wyndol Furman da Donald Rahe da Willard Hartup suka wallafa wani gwaji da suka yi a Minnesota da yaran da ba su kai shiga firamare ba, masu janye jiki. Wasu aka haɗa kowannensu da sa'ansa, wasu da yaron da suka girma da shekara ɗaya ko fiye, suka yi zama goma na wasa su biyu kaɗai. Waɗanda aka haɗa da ƙanana su suka fi warwarewa, har mu'amalarsu a aji ta kusa kamo ta sauran yara. Dalili a fili yake: gaban ƙarami, yaron ya samu damar cewa "zo mu yi kaza" a bi shi. Mu kuwa raino a jininmu yake. Yarinyar da ba a jin muryarta a aji huɗu, je ka gidansu ka ga yadda take juya ƙannenta. A ba ta 'yan aji ɗaya guda biyu ta biya musu baƙaƙe, ko ta raka su famfo. Makarantar allo ta daɗe da sanin amfanin gardi ya biya wa ƙolo. Haka ma aike: a tura yara biyu ɗauko alli daga ofishin hedimasta, su raba littattafai, su yi ban ruwan bishiyar da aka dasa a bakin aji. Yaron da ba zai iya fara hira haka kawai ba zai iya cewa "riƙe nan" in bokiti ya yi nauyi.

Shiga wasan da aka riga aka fara shi ma abu ne da ake koyo, kuma abin da muke gaya wa yara a kansa ba ya aiki. "Je ka ce su sa ka," in ji uwa. Yaro ya je ya tambaya, wani ya ce "mun cika," shi ke nan ya dawo bango. William Corsaro, wanda ya daɗe yana zama cikin ƙananan yara a wata makaranta a California a shekarun 1970 yana kallon wasansu, ya lura cewa sau da yawa ana korar mai neman shiga a karon farko, ko wane ne shi, domin yara suna kare wasan da suka gina. Masu samun shiga su ne waɗanda ke matsowa kusa, su gane abin da ake yi, su fara yin irinsa a gefe, har a wayi gari suna ciki ba tare da sun nemi izini ba. Kamar shan kunu mai zafi ne, daga gefen kwano ake farawa. Ana iya koya wa yaro wannan a gida: ka ɗauko musu ƙwallo in ta fita, ki tsinto duwatsu ki zauna kusa, ki shiga tafi da amshi kafin ki shiga tsakiyar gaɗa. A kuma gaya masa kowa ana kora, har wanda yake ganin ya fi kowa farin jini. Wasa mai ƙa'ida da layi, irin su dara da carafke da 'yar gala-gala, ya fi masa sauƙi a kan guje-guje barkatai, don in layinsa ya zo ba sai ya roƙi kowa ba. Abin da ya kamata malaman wasanni su daina shi ne tsayar da kyaftin biyu su zaɓi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san wa zai rage a ƙarshe, shi ma ya sani. A ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, a raba.

A cikin aji, maganin da malamai suka fi saurin ɗauka shi ne wanda ya fi ɓarna: a fito da yaro gaban allo don ya saba. Ya buɗe baki murya ta maƙale, malam ya daka tsawa, "Ɗaga murya mana, ba ka karya ba ne?" aji ya kwashe da dariya. Abin da ya saba da shi ranar shi ne magana tana jawo wulaƙanci. Hawa-hawa ake yi. Karatun baki ɗaya da muka gada yana da amfani a nan, domin yaro yana jin muryarsa cikin ta jama'a babu mai kallonsa. Daga nan ya faɗa wa na kusa da shi amsa, sannan cikin mutum huɗu, sannan daga mazauninsa, gaban allo ya zo ƙarshe. Malami yana iya raɗa masa tun da safe tambayar da zai yi masa, ya shirya. Sannan a jira. Mary Budd Rowe, masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta naɗi darussa masu yawa ta auna, ta bayyana a farkon shekarun 1970 cewa malami yakan jira kimanin daƙiƙa ɗaya bayan ya yi tambaya kafin ya wuce ko ya amsa da kansa. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba a saba jinsu ba suka fara ɗaga hannu. In kuma ya yi magana, kada a ce, "Ku tafa masa, yau wane ya yi magana!" A karɓi amsar kamar ta kowa a ci gaba.

Duk wannan zai tashi a banza in ajin kansa mugu ne. Heidi Gazelle da Gary Ladd sun bibiyi yara a Amurka daga shigarsu makaranta zuwa aji huɗu, suka wallafa a 2003 cewa masu rakuɓewar da 'yan aji suka ware tun farko su ne suka dawwama a haka, damuwarsu tana ƙaruwa. Wato ba halin yaron kaɗai ke aiki ba, har da yadda aka karɓe shi. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa a cikin watan da ya gabaci tambayar, a Afirka kudu da Sahara kuma kashi 48 cikin 100. Shirin KiVa, wanda Jami'ar Turku ta ƙasar Finland ta tsara aka kuma baza a makarantun ƙasar daga 2009, ya fi mayar da hankali kan 'yan kallo, masu dariya da masu kawar da kai, domin su ne ke ba azzalumi ƙarfi. A wurinmu sai na ƙara da malami. Laƙabin da ya fito daga bakinsa, "kurma," "dolo," "miskila," shi yara ke ɗauka su fita da shi fili, ya bi yaro har sakandare. Namiji mai sanyi ya fi shan wannan, a kira shi rago ko matsoraci. Mace kuwa yabo ake rufe ta da shi, a ce saliha ce, ba mai tambayar ko tana da ƙawa.

Iyaye, in an je makaranta, bayan "Malam, na nawa ya zo?" a ƙara da "Malam, da wa yake wasa?" In malam ya yi jim, an samu amsa. A gida a bar "ya makaranta?" da ake amsawa da "lafiya," a tambayi wa ya zauna kusa da shi, me aka yi a fili. A gayyato ɗan ajinsu guda ɗaya gida ranar hutu, domin a tsakar gidansu yaro ya fi sakewa. A kai shi makaranta da wuri, kafin fili ya cika. A dawo da aike: ya je shagon unguwa ya tambayi farashi da bakinsa.

Akwai yanayin da ya fi ƙarfin malami da uwa. Wani yaron a gida surutu har a gaji, amma da ya shiga get ɗin makaranta magana ta ɗauke gaba ɗaya, ko fitsari ya matse shi ba zai iya neman izini ba. Likitan Jamus Adolf Kussmaul ya bayyana wannan lalura tun 1877, kuma an daɗe ana zaton da gangan yaran ke yi. Tun 2013 kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya sa ta cikin cututtukan fargaba, hukumar lafiya ta Birtaniya kuma ta ƙiyasta tana shafar kimanin yaro ɗaya cikin 140. A nan mukan ce taurin kai ne a sa bulala, ko a ce iska ce. Bulala ƙara ɗaure harshen take yi, addu'a kuma ba ta hana ganin likita. In shirun ya wuce wata guda, ban da watan farko na shiga makaranta, ko yaro yana ciwon ciki da kuka kullum safiya, ko ba ya amsa sunansa ba ya haɗa ido da kowa har a gida, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai kuma sashen yara da na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. A roƙi likita ya fara da duba kunne.